Ranar da Fanka Ta Kashe Ni a Amurka

Tun da na dawo ban huta ba. A Islamiyya, a gidan biki, har a layin awon jini a asibiti, sai wata ta jawo mini mayafi ta ce, "Malama, wai da gaske ne?" Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wadda na ba wa sai ta ƙara masa gishiri kafin ta kai gaba. Shekaranjiya na ji wata tana rantsuwa wai sai da aka sa ni a likkafani sannan na yi atishawa. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi yadda ya faru, musamman saboda waɗanda suka bar ayyukansu suka zo gidana a Tudun Wada zaman makokina. Kun yi mini addu'a, kun ci shinkafa, kuna da haƙƙin jin gaskiya.

'Yata Sa'adatu, ta uku a cikin 'ya'yana, tana aure a wani gari da ake kira Beltsville, kusa da Washington. Ita tana aiki a kantin magani, mijinta Nura kuma injiniya ne. Da cikinta na fari ya tsufa suka aiko mini da takardu in je in yi mata zaman jego. A wajen neman biza, baturiyar da ke bayan gilashi ta tambaye ni me zai tabbatar mata zan dawo. Na ce mata na bar tumaki a hannun jikoki, idan na daɗe ba zan tarar da ko ƙaho ba. Ta yi dariya ta karɓi fasfo ɗina.

Ƙanena Malam Sani ne ya raka ni Abuja. Tun daga Kwangila har Zuba yake karanta mini dokokin Amurka kamar can aka yanke masa cibiya, alhali iyakarsa Jidda. Kada in kalli ɗan sanda a ido, kada in taɓa ɗan kowa, kada in ci naman da ban san wanda ya yanka ba. Ni dai hankalina yana kan jakata. Na ɗauro kuka da kuɓewa da daddawa da yajin jego da lalle, da kilishi na musamman, da kanwa ungurnu mai kyau ta kunu.

A jirgi aka zaunar da ni kusa da wani ƙaton bature da ya fara minshari tun kafin mu tashi. Abincin da aka kawo ganye ne ɗanye da wani abu fari mai santsi, sai na tsaya a burodi da shayi. Da na shiga banɗaki na danna maɓalli, ƙarar da ta tashi ta sa na yi kalmar shahada, na ɗauka jirgin ne ya huje. A Turai muka sauya jirgi, inda na hau wata hanya mai tafiya da kanta, ta kai ni ƙarshe ta zubar da ni a kan akwatin wani malamin coci. Shi ya ɗaga ni, har da ba ni haƙuri.

Da muka sauka a Amurka, ina tsaye a layi da kayana, sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, an sa masa riga kamar ma'aikaci. Ya zo ya shinshina jakata ya zauna. Na ce, "Kai! Tafi can, ina da alwala!" Ashe zaman nasa ƙara ce ya kai ni. Aka ja ni gefe aka zazzage jakar. Kilishi dai ya tafi, ko kallon bankwana ban samu yi masa ba. Sai jami'in ya ɗago ƙullin kanwa ya ce mene ne wannan. Duk shekarun da na yi ina koyar da Turanci a firamare, a ranar na gane ban san sunan kanwa da Turanci ba. Na ce masa dutse ne da muke sha. Ya kalle ni, ya kira abokinsa. Don in kwantar musu da hankali na ɓantari kaɗan na lasa, sai suka ƙara kiran mutum na uku. Daddawa ce ta cece ni. Suna kwance ledarta duk suka ja da baya, shi da kansa ya ɗaure ta ya miƙo mini da kanwar duka, hannu ɗaya a hanci, ya ce barka da zuwa Amurka.

Ashe ina sama Sa'adatu ta sauka, an samu mace. Nura yana asibiti, sai ya turo mini wani direban tasi, Alhaji Isuhu, mutumin Maraɗi. Tun daga nesa na gane shi da hularsa. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Hajiya, kun iso lahiya? Barkanmu da arziki, ɗiya mace!" Muka hau wata hanya mai faɗi kamar filin Idi, motoci cunkus, ba mai motsi. Na ce ashe su ma suna da gosulo. Ya ce, "Wanga ba komi ba ne, Hajiya, ambutiyaj ɗin bai ma hwara ba." Ashe haka suke kiran gosulo da Faransanci. Kafin mu isa gida ya ba ni labarin duk wani Bahaushe da ke yankin, wa ya sayi gida, wa ya saki matarsa, ɗan wa ya daina jin Hausa. Yana tuƙi yana amsa waya, kowa sai ya sanar da shi cewa uwar matar injiniya ta iso.

Gidajen unguwarsu a manne suke da juna kamar taragon jirgin ƙasa, kuma duk katako ne, idan ka taka bene sai gidan ya amsa. Ba zaure, ba tsakar gida. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shiru. A ce an yi haihuwa a gida amma ba mai sallama! Wanda zai zo barka sai ya buga waya an ba shi rana. Hatta suna, an yi wa jaririya huɗuba an raɗa mata Amina a rana ta bakwai, amma taro da yanka rago aka ɗaga sai wata Asabar da kowa zai samu hutu. Na ce wa Sa'adatu a Zariya da tuni an cinye ragon an manta ɗanɗanonsa.

Mutum ɗaya ce ta shigo ba tare da an ba ta rana ba. Wata tsohuwa ce 'yar Koriya, maƙwabciyarsu da suke haɗa bango, 'yar gajeruwa, gashi a nannaɗe, da wata hula mai baki kamar rumfa. Ta girme ni nesa ba kusa ba, amma tafiyarta ta fi tawa sauri. Tana zaune da ɗanta likitan haƙori. Jikokinta suna kiranta Halmoni, wato kaka da yarensu, ni kuwa kunnena Halima ya ji, kuma Halima na ci gaba da kiranta har na taho. Turancinta bai wuce cikin cokali ba. Ta shigo da tukunya a hannu, ta buɗe, sai ga wata miya baƙa-baƙa mai yauƙi, wai ganyen cikin teku ne, kuma a ƙasarsu ita mai jego ke sha safe da rana da dare. Na ɗanɗana na ji kamar karkashi da aka manta ba a sa wa daddawa ba. Na ɗebo mata kunun kanwa, ta kurɓa, ta rufe ido, ta ɗaga mini babban yatsa.

Nan fa na samu abokiyar aiki. Ashe su ma sun san mai jego ba ta shan ruwan sanyi, ba ta taka ƙasa ba safa, ba ta zama inda iska ke kaɗawa. Ba ma jin yaren juna, amma idan Sa'adatu ta nufi firij, tare muke miƙewa. Na dafa ruwan wanka a manyan tukwane a kan murhun lantarki, Halima ta taya ni hawa da su bene. Darbejiya babu, sai muka yi da tawul. Sa'adatu tana kuka tana cewa, "Umma, likita fa ya ce kanwar nan ba ta da kyau, kuma ruwan nan ya yi zafi!" Na ce likitan ya taɓa haihuwa? Halima ba ta ji abin da na ce ba, amma ta gyaɗa kai da ƙarfi. Sa'adatu ta ba ta makullin gida saboda kawo miya, mu kuma muka haɗa kai muka kashe na'urar sanyaya gidan gaba ɗaya.

Lokacin kuwa tsakiyar zafinsu ne. Kada wanda ya ƙara ce mini Amurka ƙanƙara ce kawai. Zafinsu mai ɗanko ne, kamar an kifa maka tukunyar dambu a ka. Nura, bawan Allah, yana dawowa daga aiki sai ya tsaya a bakin ƙofa ya share gumi. Kunyar surukuta ta hana shi magana, iyaka ya ce, "Umma, an wuni lafiya? Ya zafi?" In ce, "Zafi lafiya ne ga mai jego." Ya ce haka ne, ya koma cikin motarsa ya kunna sanyi ya zauna.

Amma ni ma jikina ba ƙarfe ba ne. Ɗakina yana can sama, rana tana dukansa, kuma barcina ya juye, da rana yake zuwa kamar an ɗaure ni. Na ce wa Sa'adatu a samo mini fanka. Washegari Nura ya kawo wata doguwa mai tsayawa da ƙafarta, ya ajiye mini kusa da taga. Bayan azahar na rufe ƙofa, na ja labule, na kunna ta, na yi barcin da ban yi irinsa ba tun Zariya.

Na farka jiƙe da gumi. Fanka a kashe, ƙofa a buɗe, taga a wangale. Na tambayi Sa'adatu, ta ce ita barci take da jaririya, ba ta hau sama ba. Washegari haka. Rana ta gaba ma haka, har da takalmina an tokare ƙofar da shi, kuma an zare wayar fankar an naɗe ta tsaf an rataye. To, ku da kuka san ni kun san ba ni da camfi, amma gidan katako ne, bayansa daji, ga jaririya sabuwa. Na ce lallai akwai masu gidan da ba a gani, kuma ba sa son fanka. Na karanta Ayatul Kursiyyu na tofa a kusurwa huɗu. Na kunna turaren wuta na hayaƙa ɗakin, sai wata 'yar na'ura da ke manne a rufi ta ƙwala ihu, jaririya ta farka, Nura ya hau kujera da tawul yana yi mata fifita. Daga ranar na fara murza makulli idan zan kwanta. Shi ke nan, fanka ta daina kashe kanta, na ce addu'a ta ci.

Sai dai Halima ta canza. Ta daina dariya, tana bin fuskata da kallo kamar mai neman wani abu. Ranar Alhamis, ana jibi taron suna, ta biyo ni har ɗaki. Ta nuna wajen taga da yatsa. Ta haɗa tafukanta ta kwantar da kai a kansu ta rufe ido. Sannan ta buɗe ido ta ja yatsa a maƙogwaronta, ƙiiit, ta zaro harshe.

Ni kuwa a ranar ba abin da ke kaina sai rago. Na ɗauka bayan gida take nuna mini ta taga, tana tambaya ko a nan za a kwantar da shi a yanka. Na ji daɗi ƙwarai da ta san al'adarmu. Na yi murmushi na ce mata da Turanci, "E, gobe. Gobe in Allah ya yarda." Na ja yatsa a nawa wuyan don ta tabbatar na gane. Ta dafe ƙirji ta ce, "Gobe?" Na ce, "Gobe. Kowa zai yi murna." Ta kama hannuna da hannu biyu tana girgiza kai, idonta ya kawo ruwa. Na ce a raina, Allah sarki, tsohuwar nan akwai tausayin dabbobi.

Ranar Juma'a, bayan masallaci, Nura da Alhaji Isuhu suka tafi wata gona a bayan gari, don a can ba a yanka a gida. Sa'adatu ta kai jaririya awo. Na ga gida ya zama nawa, na kwaɓa lallena na biki, na sa a ƙafa da hannu, na ɗaure kowanne da leda. Dama na riga na cire ɗankwali saboda zafi, na toshe kunnuwana da auduga saboda masu yankan ciyawa a waje, sai na murza makulli da haƙori da gwiwar hannu, na tura maɓallin fanka da haɓa, na miƙe.

Abin da ya tashe ni ƙara ce kamar an fasa dutse. Na buɗe ido na ga ƙofar ɗakina ta rabu biyu, ga wasu ƙartai da hulunan ƙarfe da gatari, fitila tana haska mini ido. Wallahi na ɗauka ranar ce ta zo. Na yi salati na diro daga gado, na manta ƙafafuna a leda suke. Santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas. Sai ga Halima ta kutso ta ƙarƙashin hammatar ɗayansu, ba ta ko kalle ni ba, ta yi kan fanka ta fizge wayarta, ta kayar da ita ƙasa ta taka mata wuya. Sannan ta juyo ta rungume ni tana kuka.

Ma'aikatan kwana-kwana ne da na motar asibiti. Suka cire mini auduga, suka kwance ledojin, suka ga hannuwa da ƙafafu sun yi jajir sun fara baƙi. Wata a cikinsu ta ce jini ba ya gudu a gaɓoɓina. Na ce ado ne. Ta ce me na sha? Na ce kunu. Ta ce ina da niyyar cutar da kaina? Na ce ni da nake jiran naman suna? Suka auna jinina suka ga ya hau, wanda ba abin mamaki ba ne ga mutumin da aka tasa da gatari. Ga ƙuguna ya bugu. Suka ce sai an kai ni asibiti, suka ɗora ni a gadon ɗaukar marasa lafiya. Ina ta cewa a miƙo mini mayafi, ba wanda ya kula.

Muna fitowa na ga unguwar nan da ba a ganin kowa ta cika da mutane. Ni ga kai a buɗe, furfura a tsaye, tsohon kitso ya warware. Ina ɗaga ido sai na hango tasin Alhaji Isuhu tana shigowa layin, Nura a gaba. Surukina zai gan ni ba ɗankwali! Ban yi wata-wata ba na jawo farin zanen da suka rufa mini na lulluɓe har fuska, na yi lamo.

Ku auna abin da suka gani: motar asibiti, gado, farin zane tun daga kai, ga ƙafafu biyu baƙaƙe sun leƙo, ga Halima a baya tana rusa kuka. Na ji faɗuwar wani abu, ashe cinyar rago ce daga hannun Nura. Ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Umma! Umma!" Ya dafa ƙarfen gadon yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Me zan ce wa Sa'adatu? Matar nan ba ta taɓa ɓata mini ba. Ko zafin nan da ta dafa mu da shi, wallahi na yafe!" Can gefe kuma ina jin Alhaji Isuhu a waya yana cewa, "Ta cika, ta cika yanzun nan, da idona na gani."

Ma'aikatan suna ta ce musu da Turanci lafiyata ƙalau, amma ba mai saurare. Na so in yi shiru har a shiga mota, sai na ga abin zai yi nisa. Daga ƙarƙashin zane na ce, "Nura, ka daina kuka, ka aiko mini da mayafi." Alhaji Isuhu ya yar da waya, sai a bayan motar wani aka same shi. Nura kuwa, ko a wannan hali, sai da ya durƙusa ya ce, "To, Umma. An wuni lafiya?"

A asibiti ɗan Halima ya same mu, da rigar aikinsa, kunya kamar ta kashe shi. Shi ya warware mana komai. Ya ce a ƙasarsu mutane da yawa, musamman manya, sun yarda cewa duk wanda ya yi barci da fanka a ɗaki rufe zai iya mutuwa. Wasu su ce tana shanye iskar ɗakin, wasu su ce tana sanyaya jiki har rai ya fita. Ya ce shi ya sa fankokinsu ke zuwa da agogon da ke kashe su da kansu, kuma uwarsa tun tana budurwa take jin ana faɗar haka duk lokacin zafi. Ita ce ke lallaɓowa tana kashe mini fanka. Da na fara kulle ƙofa ta kasa barci, da kuma ta gargaɗe ni na ce mata gobe, sai ta ɗauka na gaji da duniya ne na sa rana. Ta gaya masa, ya ce ta daina shiga harkar maƙwabta. Ta yi ta buga ƙofata ba amsa, tana jin fanka tana juyawa, shi ne ta kira lambar agaji ta faɗi kalmomin da ta iya: kaka, ɗaki, mutuwa.

Na ce, "Yanzu kai da karatunka, ka yarda fanka tana kisa?" Ya ce a'a, sam, babu wannan a ilmin likita. Sannan ya ce amma dai shi yakan bar ƙofa a ɗan buɗe. Sa'adatu, da ta iso da jaririya a hannu, ta fashe da dariya ta ce ai Umma ma aljanu ta ɗora wa laifin, har da hayaƙi. Na harare ta, na ce wannan daban, aljanu da gaske akwai su.

Nura ransa ya ɓaci da ya dawo hayyacinsa. Ga ƙofa a farfashe, ga mai gidan haya da za a yi wa bayani, ga abin kunya a gaban unguwa. Ya ce a karɓe makullin daga hannun tsohuwar, ta tsaya a gidanta. Ni ma da farko haushinta nake ji. Amma da aka turo ni waje a keken marasa lafiya, sai na gan ta a kan benci a bakin ɗakin, takalmi ƙafa ɗaya, hular nan a cinya, ta ƙanƙance kamar yarinyar da ke jiran bulala. A ƙasar da maƙwabci zai mutu ya kwana uku ba a sani ba, matar nan ta yi kwanaki tana hawa bene da gwiwoyinta na tsufa don kada baƙuwar da ko sunanta ba ta iya faɗa ba ta mutu. Ban taɓa sa baki a harkar gidan Nura ba, amma ranar na ce, "Nura, makullin nan a bar mata." Ya ce, "To, Umma."

A daren aka sallame ni. Da asuba na tashi salla sai wayar gida ta yi ƙara, na ɗauka. Muryar Malam Sani ce, a dushe, bayansa ana ta hayaniya. Ya ce, "Sa'adatu, ya haƙuri? Tun jiya muke nemanku. A nan za a kawo ta ko a can za ku rufe ta?" Na ce, "Wa za a rufe?" Ya ce, "Wa ke magana?" Na ce, "Sani, ni ce fa, Yaya." Sai na ji wayar ta faɗi, na ji ana ta salati, wata mata tana ihu. Ashe matar Alhaji Isuhu ta gaya wa wata 'yar Zariya da ke Greenbelt, wani gari kusa da su Sa'adatu, ita kuma ta buga gida nan take. Labarin mutuwar ya ƙetare teku, gyaran kuwa ya tsaya a Greenbelt. Da ya sake ɗaukar wayar, abin da ƙanena ya fara ce mini shi ne, "To yanzu ya za mu yi da mutanen nan? An riga an ɗora tukunya." Na ce a sauke a ci, ai suna ake yi.

Taron suna ya yi jama'a fiye da yadda aka zata, don rabin waɗanda suka zo gawa suka zo gani. Aka yi ta yi mini barka fiye da mai jego. Halima ta zo da kayan ƙasarsu masu kumbura kamar laima, ta zauna kusa da ni, ta ci soyayyen nama da yaji har tana hawaye. Na sa mata lalle a yatsa ɗaya. Sauran kwanakin da na yi a can mun yi sulhu: ina kunna fankata, wadda wuyanta ya karkace tun ranar, amma ƙofa a buɗe, ita kuma ta zauna a kujera a bakin ɗakin tana saƙa har in farka. Sau da yawa ni ke farkawa in tarar ita ta yi barci, iskar tana kaɗa mata gashi.

Ranar da zan taho ta rako ni har mota, muka riƙe hannun juna, ita tana yi da yarenta ina yi da Hausa, kuma na tabbata abu ɗaya muke faɗa.

Makon jiya Sa'adatu ta kira ni ta ce ga Halima da ɗanta suna son gaisawa da ni. Bayan gaisuwa ɗan ya ce uwarsa tana da tambaya: ina da fanka a gida? Na ce ina da ita, ta rufi ma, mai fukafukai uku. Ya fassara. Na ji ta ja numfashi. Ya ce tana tambaya ko ina rufe ƙofa. Na ce dole, ga sauro ga ɓarayi. Sai na ji ta ɗaga murya tana magana da sauri, har ɗan yana ba ta haƙuri. Na ce, "Ka gaya mata ta kwantar da hankalinta. A nan ba a bar mana wuta ta kai tsakar dare. Kafin barci ya yi nisa an ɗauke, duk fankokin garin su tsaya a lokaci ɗaya."

Ya fassara mata. Sai ta faɗi wata magana a hankali. Na ce me ta ce?

Ya ce, "Ta ce lallai hukumominku suna ƙaunar jama'arsu."